Ɗaukar hoton aurora daga jirgin ruwa

Aurora haske ne, galibi kore, da ke bayyana a sama da dare a ƙuryar arewa da ƙuryar kudancin duniya. Bajamushe Martin Brendel ya ɗauki hotonsa a Bossekop ta ƙasar Norway tun a shekarar 1892.

A yau matafiya kan ɗauke shi daga jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Bergen da Kirkenes, daga watan Satumba zuwa Maris. Hasken ba shi da ƙarfi, don haka kyamara na buƙatar daƙiƙoƙi kafin ta kama shi, amma tangaɗin jirgi da girgizar inji kan sa hoton ya yi dishi-dishi. Saboda haka ake rage lokacin zuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu, a buɗe idon kyamara sosai, a ƙara ISO.