Yadda likitoci suka gano tushen sambatun marar lafiya

Tsoho ya kwanta asibiti da ciwon huhu. Da safe ya gaisa da kowa lafiya lau, dare na yi ya fara sambatu, yana fizge ƙarin ruwan da aka ɗaura masa, yana kiran 'yarsa da sunan matarsa da ta rasu. Dangi su ce tsufa ne, wasu su ce iska ce. Wannan ruɗewa ta farat ɗaya ita ce likitoci ke kira diliriyam, kuma su ma sun daɗe kafin su gane kanta.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Hippocrates na ƙasar Girka ya lura da masu zazzaɓin da hankalinsu ke gushewa, wasu su yi ta zabura, wasu su yi lamo kamar masu barci. A 1813 Thomas Sutton na Ingila ya ware nau'in da ke kama mashaya giya, mai zuwa da karkarwa.

Babban sauyi ya zo a shekarun 1940 a Amurka, lokacin da George Engel da John Romano suka auna aikin ƙwaƙwalwar irin waɗannan marasa lafiya da na'urar EEG. Suka ga motsinta yana raguwa gwargwadon tsananin ruɗewar, kuma yana dawowa idan an magance ciwon da ya jawo ta. Ashe ƙwaƙwalwa ce ke kasawa saboda ciwon jiki, kamar yadda ƙoda ke kasawa. Duk da haka likitoci suka ci gaba da wuce ta ba su gani ba, musamman ga waɗanda suka yi lamo, domin ba sa damun kowa.

Dakta Sharon Inouye, wadda a lokacin take Jami'ar Yale, ita ce ta sauƙaƙa ganewa a 1990 da tambayoyi huɗu. Abin ya zo kwatsam, yana tafiya yana dawowa? Mutum ya kasa tattara hankali? Maganarsa ba kai ba gindi? Farkawarsa ta sauya? A 1999 ta fitar da sakamakon gwajin rigakafi kan tsofaffi 852, ba da wani sabon magani ba. A ba su ruwa su sha, a bar su su yi barci da dare, a taka da su, a dawo musu da tabarau da na'urar ji, a riƙa tuna musu rana da inda suke. Masu ruɗewa suka ragu daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan kashi 10. Wani babban gwaji na 2018 kuma ya nuna allurar haloperidol da ake yi wa masu sambatu ba ta rage kwanakin ruɗewar a sashen kulawa ta musamman.

A ƙasar Hausa maleriya mai hawa kai, taifot, faɗuwar sukari da riƙewar fitsari duk suna jawo ta. Wanda ya ga nasa ya rikice cikin dare ɗaya, ya gaggauta kai shi asibiti a nemo ciwon da ke jikinsa.