Wa Ya Ƙirƙiro Fantasi? Amsar Gardamar Wata Majalisa a Birniwa

Da tsakar dare saƙon ya shigo, daga wani malamin firamare a Birniwa. Su goma sha biyu ne a majalisarsu, can wajen tsohuwar tashar jirgin Nguru, kuma shi suka ɗora wa riƙon gasar Fantasi ta Firimiya da suke yi a tsakaninsu. Saura mako biyar a rufe kaka, ga zafin Afrilu, ga rigima. Mutum uku sun watsar da ƙungiyoyinsu tun Janairu. Shi kuma na biyu a tebur, a makon da ya haɗu da ƙanensa sai ƙanen ya sauya 'yan wasa bakwai rana ɗaya, alhali kowane sauyi bayan na kyauta maki huɗu yake ci, ya faɗi warwas da gangan. Ana cikin cacar baki wani ya ce Turawan Ingila da suka ƙirƙiro wasan ba su hana haka ba. Wani ya ce ai ba ma su suka ƙirƙiro shi ba. Shi ne malamin ya ce in raba musu gardama.

To, Malam, na biyun ne ya fi kusa da gaskiya. Sai dai a can Amurka ma da abin ya fito, gida biyu ne ke ja-in-ja a kan ɗan.

Labarin da ya fi yawo shi ne na Wilfred Winkenbach, wani ɗan kasuwa mai hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders, masu buga ƙwallon Amurkawa mai kama da zari-ruga. A 1962 ƙungiyar ta yi kakar da ba a son tunawa: wasa goma sha huɗu, nasara ɗaya tak. A wata tafiya da suka yi zuwa New York, Winkenbach ya zauna a ɗakin otal da Bill Tunnell, jami'in hulɗa da jama'a na ƙungiyar, da Scotty Stirling, wakilin jaridar Oakland Tribune, suka tsara dokokin wani wasa: kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban, abin da suka ci a fili shi ne makinsa. A watan Agustan 1963 ƙungiyoyi takwas suka yi zaɓen farko. Bi da bi ake ɗauka, wanda ka riga ka ɗauka ya haramta ga kowa. Shekara shida abin yana tsakaninsu, sai a 1969 ɗaya daga cikinsu, Andy Mousalimas, ya buɗe shi ga masu zuwa mashayarsa a Oakland.

Labari ne mai daɗi, akwai otal, akwai dare, akwai ƙungiyar da ta gaji da shan kashi. Shi ya sa jaridu ke son sa. Amma ni ban yarda daga nan wasan da ake yi a Birniwa ya fito ba.

Dubi abin da kuke yi a waya. Ana ba ka fam miliyan 100 na bogi, ka sayi mutum goma sha biyar, kowa da farashinsa. Ciwon kan duka yana wajen kuɗin: in ka ɗauki mai tsada a gaba, dole ka yi maneji da masu araha a baya. Wannan dabarar ta kasafi ba ta Winkenbach ba ce. Tun 1960, shekara biyu kafin daren otal ɗin, wani masanin zamantakewa mai suna William Gamson ya fara wani wasa da abokansa a Jami'ar Harvard, a kan besbol, ƙwallon da ake duka da sanda. Kowa na da kuɗin bogi, ana yin gwanjon 'yan wasa, a ƙarshen kaka a tattara alƙaluma. Don tsokana ya raɗa wa abin suna irin na taron ƙara wa juna sani. Da ya koma Jami'ar Michigan ya tafi da shi, malamai suka shiga, cikinsu har da masanin tarihi Robert Sklar. Shi kuwa Sklar yana da wani ɗalibi mai suna Daniel Okrent.

A nan ya kamata mu ɗan zauna, don Okrent ne gwanin wannan labari, kuma shi ne abin tausayinsa. A ƙarshen 1979, yana cikin jirgin sama zuwa Texas, ya zana dokoki a takarda. Ya kawo su gaban abokansa a wani gidan abinci na New York mai suna La Rotisserie Française, inda suka saba cin abincin rana, sunan gidan ya bi wasan. A Afrilun 1980 suka yi gwanjon farko. Tsarin da ya kafu daga baya shi ne dala 260 a sayi mutum 23. Babu kwamfuta, babu intanet. Mai riƙon gasa zai baje jarida, ya bi alƙaluman kowane ɗan wasa da fensir, ya tara, ya aika wa kowa. Wanda ya ci gasa kuma ba kofi kaɗai yake samu ba, ana tuttula masa kwalbar Yoo-hoo, wani abin sha mai cakulan, a tsakar ka.

Abin da ya bambanta su da mutanen Oakland shi ne yawancinsu 'yan jarida ne da masu harkar littattafai. Da 'yan wasan besbol suka shiga yajin aiki a 1981, marubutan wasanni suka rasa abin cika shafi, sai suka koma rubutu a kan wannan wasa na abokansu. A 1984 suka fitar da littafin dokoki. Kafin ka ce kwabo abin ya cika ƙasa. Okrent da abokansa sun yi rajistar sunan Rotisserie suna zaton nan arzikin yake, sai 'yan kasuwa suka bar musu sunan, suka kwashi dokokin, suka kira abin Fantasi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙarin abin dariya, mutumin da ya rubuta dokokin ya shekara da shekaru yana bugawa a gasar da ya kafa bai taɓa ɗaukar ta ba. Daga baya, a 2003, ya zama editan farko mai sauraron koken masu karatu a jaridar New York Times, aikin raba gardama dai bai bar shi ba.

Kuma Malam, ciwon da ke damun majalisarku su ma shi ya fara damun su. Da kaka ta yi nisa, wanda ya ga ba shi da rabo sai ya sallama wa abokinsa zaratan 'yan wasansa a kan ƙananan da zai riƙe zuwa baɗi, na gaba ya wayi gari an haɗe masa kai. Wannan ya sa gasanni irin nasu suka sa ranar rufe ciniki, wasu suka ba mai riƙon gasa ikon soke musayar da ta yi wari. Mutanen Kanada, masu hoki na kan ƙanƙara, nasu maganin daban ne. In kakar ta zo ƙarshe a Afrilu, sai abokan ofis su share tebur, su yi sabon zaɓe daga ƙungiyoyi goma sha shida da suka kai zagayen neman kofin Stanley. Wanda ya yi barci tun hunturu ya farka, kowa ya koma sifili. Ɗan wasan da aka fitar da ƙungiyarsa kuwa ya zama gawa a jerinka.

Sauran tafiyar gajeriya ce. Ɗan jarida Riccardo Albini ya juya wasan zuwa ƙwallon ƙafa a Italiya, ya buga dokokinsa a 1990. Andrew Wainstein ya kawo shi Ingila a 1991, bayan ya ga na besbol ɗin Amurkawa, jaridar Daily Telegraph ta ɗauka ta yaɗa. Firimiya ta buɗe nata a kakar 2002 zuwa 2003 da mutanen da ba su kai dubu ɗari ba. Yau sun haura miliyan goma, kuma a ƙarshen 2019 har gwarzon darar Turawa na duniya a lokacin, Magnus Carlsen, ya taɓa hawa saman teburin. Daga nan sai gidajen kallo da wayar hannu suka ƙarasa da shi Haɗejiya da Malam Madori da Birniwa.

Wani dattijo na iya cewa ai wannan cacar takardar nan ce ta da, ta sake riga. Dangi ne na nesa, amma ba ita ba ce. Waccan John Moores ya yaɗa ta tun daga 1923 da kamfanin Littlewoods na Liverpool, kuɗi kake zubawa ka canki wasannin da za su tashi canjaras. Fantasi shigarsa kyauta ce. Ranar da majalisa ta ce kowa ya ajiye dubu biyu na ɗaya ya kwashe, ranar ce kuka kai kanku inda malamai za su yi magana, kuma da gaskiyarsu. Ni da za a bi tawa, na ƙarshe ya sayi shayi da burodi, a tsaya nan.

Game da ƙanen da ya faɗi da gangan, babu dokar Firimiya da ta hana mutum sauya bakwai ya ci bashin maki. Amma wanda ya ce masu wasan ba sa hukunci bai ji labarin 2020 ba. A shekarar, wani ɗan Bulgeriya, Aleksandar Antonov, ya gama a saman duniya baki ɗaya, sai aka soke shi bisa karya ƙa'ida, aka miƙa kambun ga Joshua Bull, masanin lissafi a Jami'ar Oxford. Antonov ya ce wata magana ce da ya faɗa a kan wani ɗan wasa cikin hirarsa da abokai ta ja masa.

Kai ke riƙe da gasar, Malam. Ka tara su bayan Isha'i, wa da ƙane su zauna a gaban kowa, a amince cewa daga yanzu duk wanda ya ci bashin fiye da maki takwas a mako an ba abokin karawarsa da shi kansa sifili, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Ku gama wannan kafin ranar ƙarshe ta kaka a watan Mayu, don ranar wasanni goma ake takewa lokaci ɗaya, bisa al'ada ƙarfe huɗu na yamma, wanda ya yi daidai da agogonmu, kuma ana kulle sauyi tun biyu da rabi.