Yadda ƙananan ƙwayoyi ke sauya ƙarfin roba

Roba da leda da nailan duk an yi su ne da sinadarin da masana ke kira polima, wanda ya ƙunshi dogayen sarƙoƙi masu kama da zare da suka sarƙe da juna.

Yawan motsin waɗannan sarƙoƙi ne ke sa abu ya yi laushi, ƙarancinsa kuma ya sa shi tauri.

Domin ƙara ƙwari, masana'antu kan zuba wasu ƙwayoyi da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita.

Idan sarƙoƙin suka manne wa ƙwayoyin, motsinsu kan ragu a kewayen kowace ƙwaya, sai abin ya ƙara tauri da juriyar zafi. Idan kuwa ba su jitu ba, sarƙoƙin kan samu sarari, abin ya yi saurin laushi.

A shekarun 1980 ne masu binciken kamfanin Toyota a Japan suka haɗa nailan da ƙwayoyin yumɓu domin ƙera kayan mota.

A 1992 kuma, kamfanin Michelin na Faransa ya fito da taya mai ƙwayoyin silika, wadda ke rage shan mai.

Babbar matsalar dai ita ce ƙwayoyin kan dunƙule wuri guda, abin da ke rage amfaninsu.