Charlie Watts: Makaɗin da Bai Ajiye Alƙalamin Zane Ba

Hausawa kan ce taura biyu ba ta taunuwa. A al'adarmu kuwa makaɗi makaɗi ne, galibi ma gadon abin yake yi. Yakan yi wa masu sana'a kiɗa, kalangu ga mahauta, dundufa ga maƙera, amma ba mu saba ganin makaɗin maƙera ya ajiye ganga ya zauna bakin uwar maƙera ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wani Bature da ya tauna taura biyu har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake duniya ɗaya kawai ta lura da ita.

An haifi Charlie Watts a birnin Landan ranar 2 ga Yuni, 1941. Mahaifinsa direban babbar mota ne. Tun yana yaro kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka ya shiga ransa, har ya sami banjo, wani abin kiɗa mai kama da molo, ya cire masa wuya ya mayar da ƙoƙon ganga. Amma karatun da ya yi na zane ne, a makarantar zane ta Harrow, ya bar ta a 1960 ya kama aikin tsara tallace-tallace a kamfani. Da rana zane, da dare kiɗa.

A 1962 ya shiga ƙungiyar Alexis Korner, sai dai bai daɗe ba ya bar wa Ginger Baker kujerar, domin ba ya son kiɗa ya raba shi da aikinsa na rana. Wannan Baker shi ne ya ratso Hamada da mota a 1971 ya zo Nijeriya, ya yi kiɗa tare da Fela. Su kuwa samarin da suka kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Rolling Stones, sai da suka yi ta lallashin Watts kafin ya amince ya shiga cikinsu a farkon 1963. Mai albashi ne, su kuwa ko na abinci da ƙyar suke samu.

Shigarsa ƙungiyar ba ta kashe zanen ba. A 1964 aka buga ɗan littafinsa mai hotuna a kan Charlie Parker, gwanin busa na jaz, wanda ya zana shi da siffar tsuntsu. A 1967 shi ya yi zanen barkwancin da ke bayan jakar faifansu mai suna Between the Buttons. Daga baya ya haɗa kai da Mick Jagger wajen tsara dandamalin wasanninsu, ciki har da na rangadin Amurka na 1975, mai siffar furen bado. Dubban mutane sun kalli wannan dandamali ba tare da sun san cewa mai kiɗan da ke zaune can baya yana da hannu a ciki ba. Abin bai kamata ya ba mu mamaki ba. Duk wanda ya bi titi daga Dutse Uku zuwa tsakiyar Jos zai ga allunan shaguna da aka zana da hannu, na aski da na ɗinki da na masu gyaran rediyo, kuma da wuya ya tsaya ya tambayi wanda ya zana su.

A ganinmu, abin da ya fi bayyana halin mutumin nan shi ne wani zane da bai yi don kowa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1960, duk ɗakin otal da ya sauka a lokacin rangadi sai ya zana gadon da zai kwana a kai. Ba taron jama'a yake zanawa ba, ba fitilu ba, gado kawai. Mutum ne mai son kiɗa amma mai ƙin tafiya, wanda ya auri Shirley a 1964 suka zauna tare har mutuwa ta raba, a sana'ar da aure ba ya ƙarko. Muna ganin wannan tsantseni har a kiɗansa: gangunansa kaɗan ne, ba ya son a bar masa fili ya nuna bajinta shi kaɗai, kuma yakan ɗage sanda daga farantin ƙarfe a daidai lokacin da zai doki ƙaramar ganga, don sautinta ya fito fes. Mai zane ya san amfanin farin da ya bari a takarda.

Ba cewa muke bai taɓa tuntuɓe ba. A tsakiyar shekarun 1980 giya da ƙwaya sun kusa rusa masa gida, kafin ya watsar da su. A 2004 ya yi jinyar sankarar maƙogwaro, ya warke ya koma kan gangunansa. Wasansa na ƙarshe da ƙungiyar shi ne na Miami a watan Agustan 2019. Ya rasu a Landan ranar 24 ga Agusta, 2021, yana da shekara 80, bayan shekara 58 yana yi wa ƙungiya ɗaya kiɗa.