Zanen Karkara da Fentin Mai: Daga Ingila Zuwa Zariya

Zanen karkara wani reshe ne na zane-zane da ake fito da gonaki, rafuka da sararin sama a kan ƙyalle da fentin mai. A Ingila, John Constable ne ya ɗaga darajarsa. Zanensa na amalanken dawaki a tsakiyar rafi, wanda ya gama a 1821, ya burge masu zanen Faransa ƙwarai da aka baje shi a Paris a 1824.

Abin da ya sauya sana'ar ɗan ƙarami ne. A 1841 John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa na ajiye fenti, sai mai zane ya samu damar barin ɗaki ya je ya zauna a bakin gona. Daga nan salon Impireshanizim ya tsiro. Masu shi ba su damu da ƙirga ganyen bishiya ba, hasken da ya sauka a kanta a wannan sa'ar suke bi. In ka matso kusa, dabbare-dabbaren buroshi kawai za ka gani, shuɗi a gefen rawaya. In ka ja da baya, sai inuwa da ruwa su fito. Daga cikin masu wannan salo, Claude Monet da Camille Pissarro sun yi gudun yaƙi zuwa Landan a 1870, Alfred Sisley kuma ya zana bakin kogin Thames a 1874, shekarar da ƙungiyarsu ta yi bajekolinta na farko a Paris.

A ƙasar Hausa, inda aka fi sanin zanen bango irin su dagi, fentin mai ta makaranta ya shigo. An mayar da sashen zane na kwalejin gwamnati daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, akasarin malamansa Turawan Ingila ne. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Sun riƙe dabarar Bature, suka ƙi aron idonsa, kuma sun yi daidai: hazon hunturu a kan karan dawa a gonakin Gaya da Ajingi yana da launin da damshin Ingila ba zai koya wa kowa ba. Abokin karatunsu Jimo Akolo ya zana mahaya da makaɗan Arewa, Kolade Oshinowo kuma, wanda ya kammala Jami'ar Ahmadu Bello a 1972, ya yi suna da zanen ƙauyuka da kasuwanni.