Giris

Daga Turanci muka aro "giris". Harshen Bahaushe ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ya cusa wasali tsakani, kamar yadda ya yi wa "birki" da "burodi". A bakin makanikai kalmar ta zauna, shi ya sa idan kan famfo ya cije a Roni ko Kazaure, sai a nufi gareji a lakato baƙin giris a leda. Kuskure ne. Daga man fetur ake yin wannan, yana kumbura robar cikin famfo har famfon ya fara ɗiga, ga ƙazanta ruwan sha. Giris ɗin sarƙar famfon tuƙa-tuƙa daban ne. Kan famfon gida giris ɗin silikon yake so, ɗan kaɗan.