Zaman Sardauna a Gusau

Da wuya a sami ɗan Arewa wanda bai san sunan Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato ba. Amma akasarin labarinsa da a ke bayarwa na zamansa ne a Kaduna, sa'ad da ya ke Firimiyan Jihar Arewa. Shekara shida da ya yi a Gusau, daga 1938 zuwa 1944, yana ɗan Majalisar Sarkin Musulmi, ba a cika ambatarsu ba, alhali kuwa a nan ne ya ɗanɗana zaƙin aikin jama'a da ɗacinsa.

Kafin a gane abin da ya kai shi can, sai an san yadda Gusau ta ke a zamanin. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa garin a zamanin jihadi, zuriyarsa kuwa su ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Garin ya daɗe yana zaman garin manoma da malamai, har Turawa suka jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta tsaya Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga nan fa al'amari ya sake. Aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna awon gyaɗa da auduga da fatu. Yarbawa da Ibo da Kwarori suka zo neman abinci, Sabon Gari ya cika, fatake da 'yan ƙodago suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Birnin Sakkwato ba shi da jirgi, saboda haka kayansa ma a Gusau a ke sauke su, sa'an nan a loda a mota.

To, gari in ya cika haka farat ɗaya, bukatunsa su kan fi ƙarfin tsohon tsari. Rijiyar da ta ishi gida goma ba ta isar ɗari. Kasuwa na son rumfuna, mahauta na son wurin yanka mai tsabta, ruwan damina na son magudana, baƙi na son filin gini da alƙalin da zai raba musu gardama. Kuɗin yin waɗannan duka suna baitulmalin En'e, shawarar kashe su kuwa tana hannun Majalisa a Sakkwato, tafiyar da ta fi mil ɗari. Kafin takarda ta je ta komo, ruwa ya cinye kwalbatin da a ke kuka a kansa.

Cikin 1938 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu, wanda ya ke hakimin Raba tun 1934, yana cikin masu neman gadon, amma Allah ya ba Abubakar, wanda ya ke riƙe da sarautar Sardauna. Sabon Sarkin Musulmi ya naɗa Ahmadu Sardauna, ya shigar da shi Majalisa, aka tura shi Gusau ya zauna, ya riƙa duba gundumomi 14 na gabas daga cikin 47 na ƙasar Sakkwato. A wannan sashe na gabas Tsafe ta ke, da Bunguɗu, da Kwatarkwashi. Shekarunsa a lokacin ba su kai talatin ba, hakiman da aka ce ya duba aikinsu kuwa waɗansu sun haife shi, ko wanne kuma yana taƙama da gidansa.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan aiki irin na kansilan yanzu ne ta ko wane fanni. Ba talakawa suka zaɓe shi ba, naɗa shi aka yi, kuma Sarkin Musulmi da Razdan ya ke yi wa bayani. Amma abin da ke zuwa ƙofar mai irin wannan muƙami kullum safiya bai bambanta ba. Mai unguwa ya zo da maganar rijiya ta rufta. Sarkin kasuwa ya zo da rigimar rumfa. Manomi ya zo shanu sun shiga masa gona, Bafillace ya biyo bayansa yana cewa an nome burtali. Duba-gari ya ci tarar wata tsohuwa saboda ƙwarƙwaron sauro a randa, danginta sun zo roƙo. Ban da wannan ga rangadi, a bi gunduma gunduma a duba littafin haraji, da kotun alƙali, da makarantar elementare, da ɗakin shan magani, a rubuta abin da aka gani a aika Sakkwato. Aiki ne wanda ba ya kawo suna. In rijiya ta yi ruwa ba mai tuna wanda ya nemo kuɗinta, in ta ƙafe kowa ya san ƙofar da zai buga.

Bai daɗe da zama ba Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, cikin 1939, nauyin En'e ya ninka. Gwamnati na son soja, tana son hatsi, tana son a ƙara noman gyaɗa. Da Japan ta kama ƙasar Malaya cikin 1942, Ingila ta rasa inda ta ke samun yawancin kuzarta, sai aka sa dokar ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, aka raba wa larduna adadin da za su kawo. Mutane da yawa sun mutu can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci, kafin a soke dokar cikin 1944. Ba Baturen da ya zauna a Ikko ya rubuta dokar talakawa su ke gani ba. Dagaci su ke gani, da hakimi, da wakilin Majalisa. Wanda aka aiko don ya ji kukan jama'a, shi ne kuma aka ɗora wa isar da umurnin da ke sa su kuka.

Abin da ya fi girgiza shi, duk da haka, ta wajen kuɗi ya ɓullo. Jangali, watau harajin shanu, da damina a ke karɓarsa. A ƙirga shanu a ruga, a biya kuɗi bisa ko wane kai, malami ya yanka rasit, kuɗin su bi ta hannun dagaci da hakimi har su isa wurin ma'aji. Hannuwan suna da yawa, mai shanu bai iya karanta takardar da aka ba shi ba, shi ma kuwa ya kan ɓoye waɗansu shanun a daji. A irin wannan hali sata ba ta da wuya, ƙage ma ba shi da wuya. Cikin 1943 aka tuhumi Sardauna da cin kuɗin jangali. Aka yi shari'a a kotun Sarkin Musulmi, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, wani saurayin lauya Bayarabe, Bode Thomas, ya tsaya masa, aka rushe hukuncin aka wanke shi. Masoyansa sun tafi a kan cewa tsohuwar gasar neman sarauta ce ta haifi ƙarar. Ko ma mene ne asalinta, ta nuna wa samarin da suka yi makaranta cewa tsarin da mai tuhuma da mai hukunci su ke zaune a zaure ɗaya yana bukatar gyara, sunan Sardauna kuma ya bazu a Arewa fiye da dā.

Daga baya aka sasanta shi da Sarkin Musulmi, ya koma Sakkwato cikin 1944 ya zama babban magatakardan En'e. Cikin 1948 ya tafi Ingila koyon aikin ƙananan hukumomi, ya zauna a wani ƙaramin gari mai suna Richmond, a lardin Yokshaya, inda ya ga mutanen gari da kansu su ke zaɓen waɗanda za su tsara musu kuɗin hanya da ruwa da shara. Cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e. Cikin 1952 aka hana sarki yanke shawara shi kaɗai ba tare da majalisarsa ba. Sardauna ya zama Ministan Ayyuka a wannan shekara, cikin 1953 aka ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi, cikin 1954 kuma, shekarar da ya zama Firimiya, aka kafa sabuwar dokar En'e wadda ta shimfiɗa tsarin majalisun gunduma da na gari da na ƙauye, inda zaɓaɓɓun wakilai su ke da wurin zama. Gyaran bai yi saurin da 'yan NEPU su ke so ba, don sarakuna da hakimai sun ci gaba da riƙe akalar, kuma a wannan 'yan hamayyar suna da hujja.

En'e ta wuce cikin 1976, sa'ad da aka yi wa Nijeriya duka tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta, Tsafe da Bunguɗu ko wacce tana da ƙaramar hukumarta. Aikin da mutum ɗaya naɗaɗɗe ya riƙe wa gundumomi 14, yanzu an rarraba shi ga kansilolin mazaɓu, irin su Galadima da Mayana da Madawaki da Sabon Gari da Tudun Wada a cikin Gusau. Maganar hannun da kuɗin za su bi kuwa har Kotun Ƙoli ta kai, inda ran 11 ga Yuli 2024 ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun majalisu su naɗa kantomomi.